Yadda Za Ka Sa ChatGPT Da Gemini Su San Da Zaman Shafin Sana'arka

Kawuna yana da injin casar shinkafa a gefen Kura, kuma ni nake riƙe masa shafin intanet. Da kakar bara wani ɗan kasuwa ya zo daga Ibadan da tirela, ya wuce ta ƙofarmu ko waiwaye bai yi ba, ya je ya yi lodi a wani injin da ke gaba da mu. Bayan magariba muka haɗu da direbansa a teburin mai shayi, Kawu ya tambaye shi yadda aka yi suka san wancan wurin. Ya ce maigidansa ne ya tambayi waya. Ba wai Google ya buɗe ya yi ta lalube ba, ChatGPT ya rubuta wa tambaya, ta ba shi sunaye, ya kira na farko.

Kawu ya ajiye kofi ya dube ni. "Ɗan nan, ba kai ka ce min mu ma muna cikin wayar ba?"

"Muna ciki, Kawu."

"To ƙarƙashin gado aka tura mu ke nan."

Abin da na yi daga wannan daren shi zan jera a nan, domin mai injin casa, da ƙungiyar mata masu turara shinkafa, da dillalin riɗi a Malam Madori, da mai zoɓo a Maigatari, duk hanyar ɗaya ce.

Sai ka fara sanin wanda kake hulɗa da shi. A da, in mutum ya yi bincike, Google jero masa ƙofofi yake yi, shi ya zaɓi wadda zai shiga. Yanzu manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT da Gemini na Google, ita ce take shiga da kanta, ta karanta shafuka kaɗan, ta dawo da amsa guda. ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, aka ƙara mata binciken intanet mai suna ChatGPT Search a Oktoban 2024. Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar AI a saman sakamakon bincike a Mayun 2024, abin da yake kira AI Overviews. Meta AI kuwa tun Afrilun 2024 ta shigo WhatsApp ɗin 'yan Najeriya. Waɗannan manhajoji daga wuri biyu suke ɗebo amsa. Akwai hadda, wato rubutun da aka horar da su da shi tun kafin a sake su, kuma wannan ba ka da iko a kansa sosai. Akwai kuma duba, wato su leƙa intanet a lokacin da aka yi tambayar. Tambayar kasuwa, irin su ina ake samu, nawa ne, ana kai wa Legas, kusan kullum duba take buƙata. Nan ne aikinka yake. Ka ɗauki manhajar kamar yaron dillali a Dawanau da aka aika ya jiyo farashi: abin da ya ji da kunnensa a fili shi zai kai, wanda ya yi masa ƙus-ƙus kuwa ba zai ambace shi ba.

Matakin farko: tambaye ta da kanka

Kafin ka taɓa komai a shafin, zauna da littafi da biro ka rubuta tambayoyi goma da masu saye suke yi maka a waya. Ka yi wa ChatGPT da Gemini da Meta AI da Perplexity su, da Hausa sau ɗaya, da Turanci sau ɗaya, irin Turancin da mutumin Ibadan ko Onitsha zai rubuta. Ka rubuta sunayen da suka fito, da shafukan da aka nuna a matsayin madogara. Ka buɗe waɗannan shafukan ka ga me suka faɗa wanda naka bai faɗa ba. Ni da na yi, na tarar shafin maƙwabcin namu ko kyan gani ba shi da shi, amma ya rubuta sunan gari, irin shinkafa, nauyin buhu da lambar waya a layukan farko. Ka ajiye littafin nan, za ka dawo gare shi.

Mataki na biyu: duba ko ƙofa a buɗe take

Ka shiga Google ka rubuta site: ka manna adireshin shafinka ba tare da tazara ba. In ba abin da ya fito, to Google ma bai san da kai ba, balle AI. Google da kansa ya bayyana cewa shafi ba zai shiga amsar AI ɗinsa ba sai yana cikin kundinsa na bincike. Ka maimaita haka a Bing, injin binciken Microsoft, domin Copilot na Microsoft a kan kundin Bing yake tafiya.

Abubuwa uku ne suka fi rufe ƙofa. Na farko, in da WordPress, wata manhajar gina shafuka, aka gina shafin, ka shiga Settings, ka zaɓi Reading, za ka ga wani ɗan akwati da ke cewa a hana injunan bincike saka shafin. Masu gini kan danna shi lokacin da suke aiki, su manta. Ka cire alamar.

Na biyu shi ne ɗan fayil ɗin da ake kira robots.txt. Tun 1994 ake amfani da shi, kuma shi ne maigadin shafi, shi yake faɗa wa 'yan leƙen kamfanoni, wato manhajojin da ke zagaya shafuka suna karantawa, inda za su shiga. Ka rubuta adireshinka ka ƙara /robots.txt a ƙarshe. In ka ga wannan, to ka kori kowa:

User-agent: *
Disallow: /

Kowane kamfani da sunan ɗan leƙensa. Na Google Googlebot, na Microsoft Bingbot, na Perplexity PerplexityBot, na Anthropic, mai manhajar Claude, ClaudeBot. OpenAI, mai ChatGPT, ta raba nata: GPTBot yana tattara rubutu ne don horo, OAI-SearchBot kuma shi ke kawo shafi cikin binciken ChatGPT. Saboda haka wanda ba ya so a yi hadda da rubutunsa amma yana so a nuna shi, sai ya rubuta:

User-agent: GPTBot
Disallow: /

User-agent: OAI-SearchBot
Allow: /

Ra'ayina dai, mai sayar da shinkafa ba shi da sirrin da zai ɓoye wa GPTBot. Marubuci ko malamin da ya ɗora littafinsa yana iya tunani daban, mu kuwa so muke a haddace sunanmu. Na bar wa kowa a buɗe.

Na uku, in shafinka yana bi ta Cloudflare, wani kamfanin tsaron shafuka, ka leƙa saitinsa. Daga Yulin 2025 kamfanin ya fara tare 'yan leƙen AI tun daga farko ga sababbin shafuka, sai mai shafi ya ce a bar su. Wanda ya gina maka zai iya dubawa cikin minti biyar.

Mataki na uku gajere ne. Ka yi rijista a Google Search Console, kyauta ne, ka tabbatar shafin naka ne, ka miƙa masa taswirar shafi, wato jerin duk shafukan da ke cikinsa, wadda galibi take a /sitemap.xml ko makamancinsa. Daga nan ka buɗe Bing Webmaster Tools, yana da maɓallin da zai kwaso bayananka kai tsaye daga na Google. Da imel ɗin mai sana'a za a yi, ba da na yaron da ya gina shafin ba, kada ranar da kuka ɓata ya tafi da makulli.

Mataki na huɗu: fitar da magana daga cikin hoto

Nan ne laifina ya fito fili. Kowane mako nakan zauna in tsara farashi a hoto mai kyau, kore da ruwan gwal, buhu a gefe, sunan injin a sama, in sa a sitatus, in kuma ɗora shi a shafin. Mutane suna yabawa. Amma da na buɗe shafin da idon ɗan leƙe, abin da ke rubuce a zahiri bai wuce "Barka da zuwa" da "Tuntuɓe mu" ba. Farashi, irin shinkafa, lambar waya, har kwatancen wurin, duk suna cikin hoto. Kamar mutum ya zuba kayansa a rumbu ya liƙe, ya zauna a kasuwa hannu rabbana.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka dafa yatsa a kan rubutun a waya. In ya yi shuɗi har za ka iya kwafa, rubutu ne. In ya ce ka sauke hoto, to hoto ne. Duk abin da kake so a faɗa a kanka, ka rubuta shi da haruffa a jikin shafin. Hoto ya zauna a matsayin ado da shaida, kuma kowanne ka cike masa gurbin bayanin da ake kira alt, misali "buhunan shinkafa jamila masu kilo 50 a rumbunmu na Kura".

Akwai gwaji na biyu. Wasu shafukan na zamani ba sa nuna komai sai JavaScript, wani tsari da ke zana shafin bayan an buɗe shi, ya gama aiki. Googlebot yana iya jira ya gani, amma da yawa daga 'yan leƙen AI ɗanyen shafin kawai suke ɗauka su wuce. Ka shiga saitin Chrome, ka kashe JavaScript, ka sake buɗe shafinka. In farashi da adireshi sun ɓace, ka koma wa wanda ya gina.

Sitatus na WhatsApp kuma awa 24 yake yi ya mutu, kuma babu injin binciken da ke ganinsa. Abin da ke cikin rufaffen zauren Facebook ma haka. Ka ci gaba da su don kwastomomin da ka riga ka samu, amma baƙo ba ta nan zai zo ba.

Mataki na biyar: amsa tukuna, gaisuwa daga baya

Wannan ya fi kowanne wahala ga Bahaushe, domin mu tarbiyyarmu ita ce a gaisa, a tambayi gida da gajiya da damina, sannan a shiga magana. A zaure haka ya dace. A shafi kuwa manhajar tsinto ɗan yanki take yi, sakin layi ɗaya ko biyu, ta ɗora amsarta a kai. In yankin ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai ta tsallake. Ga abin da na tarar na rubuta da farko:

"Muna farin cikin sanar da ɗimbin abokan hulɗarmu cewa mun himmatu wajen samar da ingantacciyar shinkafa mai inganci a farashi mai rahusa."

Babu gari, babu iri, babu nauyi, babu kuɗi. Kowane inji a Najeriya zai iya rubuta wannan. Ga yadda na mayar da shi:

"Muna casar shinkafa jamila da sipi a Kura, Jihar Kano, a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Turarriya ce, an cire tsakuwa da inji. Buhu kilo 50 naira kaza, kilo 25 naira kaza, farashin ranar Litinin kaza ga wata. Mafi ƙarancin sari buhu kaza. Muna buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa magariba, ranar Juma'a muna rufewa daga 12 zuwa 3."

A inda na sa kaza, kai adadin gaskiya za ka sa. Kawu ya yi gardama a kan wannan, ya ce in aka rubuta farashi abokan hamayya za su gani. Na ce masa, "Kawu, su da suke aiko yaro kullum ya tambaya?" Ya yi dariya ya ce in rubuta. Wanda farashinsa ke motsi kullum, kamar mai tumatir a Kwanar Gafan ko mai dabbobi da ke bin Wudil ranar Juma'a da Maigatari ranar Alhamis, ya rubuta daga nawa zuwa nawa, tare da ranar. Kwanan watan nan ba ado ba ne. Farashin da ba shi da rana, manhaja za ta iya ɗaukar na bara ta faɗa wa mutum a matsayin na yau, ya zo ya same ka yana huci. Kuma kada ka canza kwanan wata ba ka canza komai ba.

Awo ma ka fassara shi. Kwano da tiya da mudu mu muka san su, kuma na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Ka auna a sikeli ka rubuta kilo a gefe.

Sai ka koma ga tambayoyin littafinka, kowace ka mayar da ita kan magana, ka amsa a ƙarƙashinta a layi biyu ko uku kafin ka faɗaɗa. Dalili shi ne, Google ya bayyana cewa bincikensa na AI kan farfasa tambaya ɗaya zuwa ƙanana da yawa ya nemi amsar kowacce. Wanda ya tambayi inda zai sari shinkafa a Kano, a bayan fage ana iya neman farashi, da inganci, da sufuri, da lokacin da ta fi araha. Mai shafin da ya amsa waɗannan ya sami ƙofofi da yawa. Kuma a nan ɗan karkara ya fi kowa jari, don ya san abin da ba a rubuta ba: bambancin ta rani da ake nomawa da ruwan Tiga da ta damina, yadda ake gane shanshera ba ta bushe ba ta hanyar ciza ta, me ke sa shinkafa karyewa a inji, buhu nawa na shanshera ke ba da buhun gyararriya a injinka. Na zauna da Kawu dare biyu, yana magana ina naɗa a waya, na rubuta. Shafin yadda ake gane shanshera mai laima shi ne na farko da na ga an ɗauko a cikin amsa.

Kada ka ce wa ChatGPT ta rubuta maka shafuka ɗari a dare ɗaya. Abin da ta riga ta sani za ta amayo maka, ba ta da dalilin dawowa ta ɗauka a wurinka. Tun Maris na 2024 kuma Google ya sa tara shafukan banza don neman matsayi cikin laifukan da yake hukuntawa. Ta gyara maka Turanci, wannan ba laifi, amma ka karanta kafin ka ɗora.

Mataki na shida: faɗi ko kai wane ne, a ina

Rubuta "Kura" kaɗai ka ga ruɗani. Kura gari ce, kura dabba ce, kura ce ta ɗan ga-ruwa, in an yar da ƙugiya ƙura ma kura ce, kuma akwai wani kogi mai wannan suna da ya ratsa Jojiya da Azarbaijan. Mutumin Garki ta Jigawa in bai sa jiha ba, Abuja za a kai shi. Na Dutse ma haka. Kullum ka haɗa gari da ƙaramar hukuma da jiha, a kowane shafi, ko da a ƙasa ne.

Ka yi amfani da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, Gboard yana da allon Hausa. Adireshin shafi dai a bar shi da haruffa marasa ƙugiya. Sannan ka yi shafi biyu, na Hausa daban, na Turanci daban, kada ka cakuɗa su a sakin layi ɗaya. Mai sari daga kudu da Turanci zai tambaya, na Maraɗi ko Damagaram da Hausa. Kuma rubutun Hausa a intanet kaɗan ne in an kwatanta da na Turanci, saboda haka amsa mai kyau da Hausa ba ta da cunkoson masu takara. Ka ce wa mai ginin ya sa lang="ha" a shafin Hausa, ya haɗa shafukan biyu da alamar hreflang, mai nuna shafi ɗaya ne a harsuna biyu.

Mataki na bakwai: shaidu

Dillali ba ya kai baƙo wurin mutumin da shi kaɗai ke yabon kansa. Manhaja ma takan gwada abin da ka faɗa da abin da ke wasu wuraren. Ka buɗe Google Business Profile, kyauta ne, ka dasa alamar a daidai ƙofar injin, ba a tsakiyar gari ba. Rashin sunan titi da lambar gida ba matsala ba ne: ka tsaya a wurin, ka buɗe Google Maps, ka taɓa shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake, za ka ga Plus Code, 'yan haruffa da lambobi da ke zama adireshi. Ka kwafa ka sa a shafinka.

Suna ya zama ɗaya a ko'ina. Mu na tarar muna da uku: wanda ke takardar CAC, wanda ke jikin buhu, da wanda na ƙirƙira a Facebook don ya yi daɗin faɗa. A wurin na'ura kamfani uku ne, kowanne da ƙarancin shaida. Na mayar da su ɗaya, da lambar waya ɗaya. Mai lambar NAFDAC ya rubuta ta. Ka roƙi kwastomomin gaskiya su rubuta ra'ayinsu a Google Maps bayan sun karɓi kaya. Kada ka tara 'yan majalisa su zuba taurari biyar-biyar a yini ɗaya, Google yana gogewa, wani lokacin har ya rufe rijistar. In wata jarida ko gidan rediyo mai shafi ya zo ɗaukar rahoton kasuwa, ka tabbatar sun rubuta sunan daidai. Wikipedia kuwa ba allon talla ba ne, in ka sa sana'arka za a cire.

Sauran na mai gini ne. Akwai alamomin Schema.org, waɗanda Google da Bing da Yahoo suka kafa a 2011, da ke faɗa wa na'ura wannan suna ne, wannan farashi ne, wannan lokacin buɗewa ne. Ka ce ya sa LocalBusiness da Product, kuma abin da ke cikinsu ya yi daidai da abin da ido ke gani. Ya rage nauyin hotuna, ya gwada a PageSpeed Insights, inda ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ni nawa ma'aunin shi ne in tsaya a bakin gona inda sabis yake sanda biyu in ga ko zai buɗe.

Za a zo maka da tallar wani fayil, llms.txt, wanda aka gabatar da shawararsa a Satumban 2024. Sa shi ba ya cutarwa, amma Google ya ce ba a buƙatar wani fayil na musamman don shiga amsoshinsa na AI. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa ka zama na ɗaya a ChatGPT, ka ce ya yi tambaya ɗaya sau uku a gabanka. Amsar ma ba ta zama ɗaya.

Mataki na ƙarshe: koma wa littafinka

Kada ka sa ran gobe da safe. Shafi kan ɗauki kwanaki, wani lokacin makonni, kafin a sake leƙa shi. Duk farkon wata ka maimaita tambayoyin nan goma a sabuwar hira, ba a cikin tsohuwar da ka riga ka ambaci sunanka ba, ka rubuta abin da ya fito. In manhaja ta faɗi ƙarya a kanka, ka buɗe madogarar da ta nuna, galibi za ka tarar tsohon shafinka ne ko wani tsohon talla da ka manta, sai ka gyara a can. Mai Google Analytics, ma'aunin baƙin shafi, zai ga baƙin da suka zo daga ChatGPT, don mahaɗinta yakan zo da chatgpt.com a jela. Amma da yawa ba za su shiga shafin ba sam, lambar kawai za su ɗauka su kira. Shi ya sa na rataye wani ƙaramin littafi da zare a jikin teburin sikeli, na ce wa yaron da ke ɗaukar waya duk baƙuwar murya ya tambaye ta, "Ranka ya daɗe, a ina ka sami lambarmu?"

Yanzu duk Litinin da hantsi, kafin a tayar da inji, Kawu yakan leƙo shagona da takarda a hannu. "Ɗan nan, jamila ta sauka, sipi tana nan. Gyara, ka sa ranar yau."